Ruwa Ya Biya Ruwa

A tashar Kaura Namoda, motar Zurmi na jiran ta cika. Wani saurayi mai jar hula yana ta kaɗa makulli a yatsa, dattijon da ke kusa da shi ya dube shi.

"Yaro, kai ne direban?"

"A'a, Baba, makullin tawa motar ne! Banki suka ba ni bashi na saya."

"Banki? Da ruwa ke nan."

"Ai nan dabarar take!" in ji saurayin, har yana tafa cinya. "Gonata na saida, na ajiye kuɗin a wani bankin, suna haihuwa duk wata. Ruwan da waɗannan suka ba ni, shi nake miƙa wa waɗancan. Ruwa ya biya ruwa, ni hannuna a bushe!"

"Limaminku ya ji wanga lissafi?"

"Ban kai mishi ba tukuna."

"To wane ruwan ya fi yawa?"

"Wanda nake biya ya ɗan ɗara. Kaɗan hwa, Baba!"

Dattijon ya fara dariya. "To ina motar, da kake matse da mu nan?"

"Tana gida, na lulluɓe ta da zanen gado. In na taɓa ajiyar na sha mai, ai ruwan raguwa zai yi."

Dattijon ya yi dariya har da share hawaye, saurayin ma ya taya shi.

"Matsa mini, mai mota, mu huɗu ne a layin nan."