Ƙaho da Farar Ƙwaya

A ƙofar likita, wato asibitin Dakoro, zamanin Faransawa, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, na ji wata mai tallar nono tana zance da dattijon da ke bayanta a layi.

"Baba, ka ji abin da lokotoro ya gano? Wai ya gwada farar ƙwayar nan ga masu sanƙarau, cikin goma takwas sun tashi."

"Sauran biyun fa? Faransanci ne ba su ji?"

"To ƙaho, wa ya taɓa ƙirga nashi?"

"Ƙaho ba ya ƙarya, ɗiyata. Da idonki za ki ga baƙin jini."

"Na gani. Wanzamin Korahane ya yi ma mijina, ya kwashe jinin, ya bar mishi ciwon."

"Bai iya ba ne! Ni da na shekara talatin ina..."

Matar ta dubi zabirar wanzanci da ke rataye a kafaɗarshi.

"Au, wanzami ne kai? To mi ya kawo ka?"

"Jikata, ga ta can bayan uwarta. Wuyanta ya sanƙare tun jiya. Na ɗauko ƙahon, hannuna ya ƙi."

Matar ta jawo ƙwaryarta gefe.

"Wuce gabana, Baba. Amma ɓoye zabirar nan, kar lokotoro ya ce aikinshi ka zo ƙwacewa."