Haladu Ya Ajiye Wuƙa

Khairiyya: Alo? Salamu alaikum. Anti Khuzaima?

Khuzaima: Wa alaikumus salam, ƙanwar miji. Kina ji na?

Khairiyya: Sama-sama. Ina wuni, Anti?

Khuzaima: Lafiya lau. Ya mutanen Birnin Kudu? Ya mai gidan?

Khairiyya: Lafiya ƙalau. Ya Gwaram? Ya ruwa?

Khuzaima: Ruwa ya yi gyara. Ya aikin kemis?

Khairiyya: Da godiya. Ina Fiddausi? Haƙorin ya fito?

Khuzaima: Biyu ma, cizo kawai take. Ya gajiyar...

Khairiyya: Anti, bar gajiyar nan. Ya jikin Yaya Haladu? Hankalinmu duk a tashe yake. Kwana huɗu mahauci bai fita kasuwa ba! Dada ta iso nan daga Surko tun azahar, gobe da sassafe za ta hau motar Gwaram. Har da galan ɗin rubutu ta taho.

Khuzaima: Abin da na kira ki a kai ke nan. Ki hana ta zuwa.

Khairiyya: In hana uwa zuwa duba ɗanta? Ita fa cewa take jifansa aka yi. Wai Maliki ne, mai teburin nama kusa da nasa, don ya ga Yaya ya fi shi ciniki.

Khuzaima: Innalillahi! Maliki kuma? Bawan Allahn da ya zo dubiya jiya har da lemo? Khairiyya, babu jifa, babu zazzaɓi. Mai Barho ne.

Khairiyya: Mai bargo? Sanyi yake ji?

Khuzaima: Barho! Wuƙa! Fim ɗinmu!

Khairiyya: Mai Barho? Kashi na shida? Kin samu?

Khuzaima: Tun ranar Juma'a aka tura min a waya, da fassarar Hausa.

Khairiyya: Amma Anti ba ki da amana! Tun daga na ɗaya tare muke kallo. Ni nan mai tura fim ɗinmu kullum sai ya ce gobe. Na fita daga gurup ɗinmu na masu kallo ma don kada su ɓata min labari. To ya yake? A'a, kar ki faɗa. Ya kai na huɗu? Kar ki faɗa!

Khuzaima: Ina! Ko ƙafar na huɗu bai kama ba. Ana ta zuzuta shi, wai a can inda aka yi shi mutane na suma a gidan kallo. Ni ina kallo ina cin ɗanwakena. Jinin ma zoɓo ne, zoɓon ma wanda aka cika wa ruwa. Kuma sun canja mai fassara, sun kawo wani mai murya kamar ta mai tallan maganin basir.

Khairiyya: Kash! Wancan mai cewa "yau akwai watanda" ya tafi?

Khuzaima: Ya tafi. Gurup ya rabu biyu. Prisca cewa take ba a taɓa yin kamarsa ba, Rahamatu ta ce a dawo mata da datarta. Har an cire mutum biyu saboda zagi.

Khairiyya: To meye haɗin wannan da Yaya?

Khuzaima: Kin dai san halinsa. Duk sauran biyar ɗin zama yake gefena yana raina musu. "Wannan hanjin akuya ne." "Ba a nan hanta take ba." "Wa ya koya wa wannan riƙe wuƙa?" Ranar Juma'a ma haka ya zauna da kwanon furarsa bayan an sauko masallaci, yana jiran abin dariya.

Khairiyya: Sai?

Khuzaima: Sai aka zo wurin da mugun ya ritsa wani mutum a...

Khairiyya: Kar ki faɗi wanda ya ritsa!

Khuzaima: Wani dai! Ya ɗauko wuƙa ya fara wasawa. Sau uku nan, sau uku can, ya gwada a farcen babban yatsa, ya goge a cinya. Sak yayanki. Na ji dariyar ta ɗauke. Da mugun ya fara aiki kuwa, sai na ji Baban Fiddausi ya ce a hankali, "Khuzaima, wannan ya iya."

Khairiyya: Ya iya?

Khuzaima: "Wannan ɗan sana'a ne. Dubi yadda yake bin gaɓa, bai taɓa ƙashi ba." Ina juyowa na ga gumi na tsiyaya. Ya miƙe zai fita, sai ji na yi rim! Ya suma.

Khairiyya: Ya samu me?

Khuzaima: Ya suma! Suma! Shi da kwanon furar gaba ɗaya!

Khairiyya: Yaya Haladu? Shekara ashirin yana kayar da bijimi? Wayyo cikina!

Khuzaima: Ki yi dariya, ke ba a gidanki yake ba. Tun ranar ko romo ba ya sha. Kwaɗon zogale safe da rana. Shekaranjiya na ba shi zakara ya yanka mana, ya riƙe shi suka kalli juna, sai ya sake shi ya ce, "Je ka, Allah ya raya." Ya ce da ya rufe ido sai ya ga hannun mutumin nan, kuma hannunsa ne.

Khairiyya: Allah sarki. Wallahi ya ban tausayi kuma.

Khuzaima: Ni ma. Ya rame fa. Shi ne ya ce in ce zazzaɓi ne, don in mahauta suka ji gaskiya ya gama ɗaga kai a Gwaram. Ga shi gobe akwai suna gidan wani Alhaji a Maruta, raguna biyu, tun ranar haihuwar aka riƙe shi. In bai je ba, gidan Alhajin nan ya fita hannunsa ke nan, su da suke kiransa duk Sallah. Yanzu kuma a ce Dada ta diro da zancen jifa? Ki san dabarar da za ki yi, amma kar ta ji...

Khairiyya: Anti...

Khuzaima: Ki ce mata hanya ta yanke a Sara, ko ki ce...

Khairiyya: Anti, tsaya. Wanke-wanke nake, hannuna duk kumfa. A lasifika na sa ki.

Khuzaima: A me?

Dada: Miƙo min abin nan. Khuzaima!

Khuzaima: La haula... Na'am, Dada. Ina wuninku? Kun zo lafiya? Ya ƙafar taku?

Dada: Ƙafa ta gode. Hanya ce ta yanke a Sara?

Khuzaima: A'a, Dada, dama cewa na yi ko da...

Dada: Ashe majigi ne ya kayar min da ɗa? Ni ina can na hana kaina barci, na tashe Malam ya yi ta wanke allo, na aika wa uwar Maliki maganar da ba ta maimaituwa!

Khuzaima: Kun riga kun aika?

Dada: Tun jiya. Na ce ɗanta ya kwance abin da ya ɗaura ko mu haɗu gaban mai unguwa. Yana ina, shi gwarzon?

Khuzaima: Ga shi nan a tabarma. Baban Fiddausi, Dada ce. Karɓi mana! Ta riga ta ji.

Haladu: Salamu alaikum, Dada. Ina wuni? Jikin da sauƙi, sai dai ɗan jiri...

Dada: Rufe min baki. Wannan Mai Barhon, ba shi ne mai fuskar buhu ba? Wanda Khairiyya ta kunna min lokacin da na zo jinyar ido?

Haladu: Kun kalla, Dada?

Dada: Har uku. Da ido ɗaya ma, ɗayan na ɗaure. Ban ga abin suma ba. Mutum ne dai marar tarbiyya, ga ɓarnar nama.

Haladu: Dada, na shidan daban ne. Wallahi yadda nake yi haka yake yi. Sai na ga kamar ni ne. Ko wuƙa na kasa ɗauka.

Dada: Shi da bismilla yake farawa?

Haladu: A'a.

Dada: Yana fuskantar alƙibla? Yana ba dabba ruwa kafin ya kwantar da ita?

Haladu: Ai shi ba dabba yake...

Dada: To ina ya zama kai? Kai abinci kake ba mutane, sana'ar ubanka da kakanka. Amma shi ke nan, tunda ka kasa ba a tilas. Yanzun nan ka je gidan su Maliki ka ba uwarsa haƙuri a madadina. Sannan ka roƙe shi ya je Maruta gobe ya yi yankan. Kai sai ka riƙe masa ƙafa.

Haladu: In riƙe wa wa ƙafa?

Dada: Maliki.

Haladu: Malikin da ke huda fata wuri uku in yana fiɗa? Wanda ya fasa matsarmama a walimar Hakimi? Shi zai yanka ragon Alhaji ina tsugune ina riƙe da ƙafa kamar sabon shiga?

Dada: Ai ba ka da lafiya.

Haladu: Wa ya ce? Khuzaima! Ina barhona? Ba wannan ba, babbar, mai ƙotar ƙaho! Riƙe wayar.

Khuzaima: Dada, ya miƙe fa. Ya zaro ta daga ƙarƙashin gado. Yana neman takalmi.

Khairiyya: Dada, kin fi kemis ɗinmu magani!

Dada: Ni na haife shi. Khuzaima, gobe dai ina nan tafe, rubutun ba zai zube a banza ba, ke za ki shanye. Kuma ki ajiye min na shidan nan in ga abin da...

Khuzaima: Tsaya, Dada. Baban Fiddausi, ina za ka? Gidan su Maliki? Da wuƙar a hannu? Bayan saƙon da aka aika musu jiya? Kai! Ajiye ta tukuna! Dada, sai anjima, ya kai zaure... Baban Fiddausi!