Filin da Injiniya Ya Keɓe

Assalamu alaikum. Shugaban ma'aikatarmu, shugabar asibiti, iyayenmu malamai, Hajiya maiɗakin marigayi, 'ya'yansa da 'yan'uwa, sannunmu da haƙuri.

A ofis Injiniya muke ce masa, sai ka ce shi kaɗai ne injiniya a cikinmu. To, kusan hakan ne.

Ya kasance mai tanadi. Aikinsa raba wa na'urori wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Na'urar hoton ciki da muka haɗa wa asibiti ba ta jiran kowa, kai tsaye take zuba hoto a ƙwaƙwalwa, kuma fili ɗaya take so a haɗe, ba guntu-guntu ba. Shi ya sa da an kunna kwamfuta nata yake fara keɓewa, kafin sauran manhajoji su bazu ko'ina. Yakan ce mana, "Ba sai baƙo ya yi sallama ake share masa ɗaki ba."

Ya kasance mai rufin asiri, a kaina kuwa na gani. Wata rana na ga filin nan fayau babu komai, na ce asara ce, na sakar wa sauran manhajoji shi ban tambayi kowa ba. Kwana huɗu lafiya lau. A na biyar na'ura ta nemi fili a haɗe ta rasa, ta tsaya cik, ga masu juna biyu goma sha ɗaya jere a kan benci, ɗaya tana zubar da jini.

'Yata, ke babbar 'yar marigayi, a ranar ce aka ba ki kyautar ta ɗaya a makaranta, kika yi ta duban ƙofa bai shigo ba. Shekara tara kina ganin aiki ya fi ki daraja a wurinsa, kuma ya sani. Wallahi ya riga ya sa sabuwar rigarsa, yana bakin mota aka kira shi. Ya je ya gyara, matar nan ta tsira da ɗanta. A rahoto ya rubuta kuskuren sashe ne, bai ambace ni ba, ya kuma hana ni faɗin gaskiya don kada a sallame ni. Ni na hana babanki zuwa. Ki yafe masa, ni ma ki yafe mini.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri, ya yalwata makwancinsa, ya keɓe masa wuri a Aljanna tun kafin ya yi sallama. Amin.