Kogin da Maina Ya So Gani a Sama

Kwale-kwalena na sayar na yi kuɗin tafiya, shi kuma Maina ya sayar da injin ban-ruwan da yake noman tattasai da shi a fadamar Katuzu. Ke Falmata, tunda ke kika tambaya, matso kusa, labarin ubanki ne. Ku kuma samari ku kife wayoyin nan, in ba haka ba in yi shiru.

Ni ɗan Nguru ne, shi ɗan Katuzu, a kasuwar Gashua muka saba. Ina kawo bandar kifi, yana kawo tattasai, kullum sai mun yi musu a kan wanda ya fi wani wari. Shekarar da ciyawar kacalla ta toshe mana hanyoyin ruwa kifi ya gudu, shi ma tsutsa ta cinye masa gona, sai muka ji labarin wani ejan, dillalin ma'aikata, a Kano yana neman waɗanda ba sa tsoron ruwa, za a kai su wani birnin Larabawa a bakin teku. Lokacin ke, Falmata, kin fara tafiya kenan, kina faɗuwa kina tashi.

Mun zaci kamun kifi za mu je. Da muka isa aka ce aikinmu "fayawoks". Maina ya juyo ya ce, "Bukar, wane ne kuma Fayau Wakas?" Har muka baro garin haka yake kiran abin. Ashe wasan wuta ne, irin nokawut ɗin da yaran Sabon Gari ke fasawa lokacin Kirsimeti, amma wannan uban nokawut ne. Akwai wasu manyan jirage masu faɗi kamar filin Idi, ba su da inji, jan su ake yi zuwa tsakiyar teku. A kansu muke jera turame na ƙarfe, wani ya kai ƙugun mutum, masu sanin abin su zuba ƙwallayen wuta a ciki su haɗa waya. Mu namu ɗauka ne da ɗaurewa da shara.

Foman ɗinmu ba mu taɓa riƙe sunansa ba, Yalla-Yalla muke ce masa, wato maza-maza, don kalmar ba ta barin bakinsa. Ranar farko ya ga Maina ya cire hular kwano yana alwala.

"Ina hularka?"

"Ga ta nan. Shafar kai zan yi."

"Sefti! Sefti fas!"

"Ka ji, Bukar? Wai safiya ta yi. Ce masa la'asar ce."

Masaukinmu can bayan gari yake cikin rairayi, sai mota ta yi doguwar tafiya da mu. Ɗaki guda, gadaje hawa-hawa. Mai kula da gidan ya hana mu dafa daddawa, wai maƙwabta sun kai ƙara cewa wani abu ya mutu a ɗakinmu. Maina ya ce masa, "Ai ba mutuwa ya yi ba, yanzu ma zai fara rai." Akwai wani ɗan ƙasar Nefal mai kwana a gadon saman Maina, sunansa Bahadur, Maina ya mayar da shi Badaru. Ba ya jin yarenmu, ba ma jin nasa, amma shi kaɗai ne ya ɗanɗana miyar ya ƙara.

To, ana nan sai aka ce za a yi babbar gasa, ƙasashe za su zo, kowace da ranarta, alƙalai su zauna su duba wadda ta fi. Aka ce kowace ƙasa da "tim" ɗinta. Muka ce to, har da ƙwallo kenan. Ashe jigo ake nufi, wato labarin da wutar za ta bayar a sama, da kiɗa. Wata ƙasa ta zaɓi furanni, wata taurari, wata yaƙin sarakunansu na dā. Masu rufe gasar kuwa jigonsu kogi ne, tun daga inda yake ɓullowa har ya faɗa teku. Mu aka ba aikin jirginsu.

Shugabarsu wata tsohuwar Baturiya ce, kanta fari fat. Ta tara mu ta buɗe kwamfuta don mu gane yadda za a jera turamen. Muka ga wani siririn zare shuɗi ya fito a duhu, yana faɗi yana faɗi, sai wasu farare suka riƙa tsalle daga cikinsa kamar kifi, can kuma sai ruwan zinariya ya zubo ya ranƙwafo a kansa. Maina ya damƙe mini hannu har da zafi.

"Bukar, shinkafa ce ta nuna. Wallahi kogin Gashua ne."

"Matar nan ko Najeriya ba ta sani ba."

"Ina ruwana da abin da ta sani? Ni na san kogina."

Daga ranar ya daina hira sai ta kogi. A mota kogi, wajen cin abinci kogi. Ya sayi katin ajiya ya sa a wayarsa, ya ce zai ɗauko miki bidiyon wasan, Falmata, in kin girma ki ga abin da ubanki ya ɗaure da hannunsa. Turamen shuɗin ba ya yarda kowa ya taɓa. In wani ya ɗaure, sai ya bi baya ya kwance ya sāke. Ni da na bar Nguru ban waiwaya ba, sai ga shi ni ma ina kwana da abin a raina.

Ta takalmi ciwon Maina ya fara nuna kansa. Wata safiya na ga yana fama da takalmin aikinsa ya ƙi shiga. Ya ce zafi ne ya sa fatar ta tsuke. Bayan 'yan kwanaki fuskarsa ta tasa, idanunsa suka ƙanƙance, in ya ɗauki turmi guda sai ya zauna yana haki. Ku 'yan ƙasar Bade ba sai an gaya muku sunan wannan ciwon ba, babu unguwar da bai shiga ba. Ni na gane, shi ma ya gane, amma ba wanda ya furta. Sai ranar da ya yi amai a kan jirgi Yalla-Yalla ya tura shi asibiti, likita ya ce ƙoda ce, duka biyun, kuma ta daɗe tana cinsa tun daga gida.

Kamfani ya ce za a mayar da shi. Suka ce ba zai iya tafiya shi kaɗai ba, sai da ɗan rakiya, wanda ya raka shi kuwa aikinsa ya ƙare. Ban yi dogon tunani ba na ce ni zan raka shi, ban ga fuskar da zan kalli uwarki da ita ba in na bar shi. Abin da ya hana ni barci shi ne Maina ya ƙi tafiya.

"Sai na ga kogin."

"Maina, ka dubi ƙafarka. A kai ka gida a fara wanke maka ƙoda."

"Wankin da aka yi wa yayana? Ka ga ya tashi?"

"Wuta ce fa kawai! Ta tashi ta mutu, ko shayi ba ka gama sha ba!"

"Na sani. Na sayar da injina, na bar 'yata, ban aika wa kowa abin kirki ba. Ka bari in koma da abu ɗaya da zan ce na gani."

Ban taɓa yi masa tsawa ba sai ranar, kuma ban sake ba. Na tafi wajen manaja na roƙe shi ya bar mu har a rufe gasar, rabi da Larabcin da na tsinta rabi da hannu. Ya ce shi ba gidan jinya ya buɗe ba. Na ƙi tashi daga kan kujera. Abin mamaki, Yalla-Yalla ne ya shigo ya yi masa magana a yarensu, aka mayar da tikitinmu washegarin rufe gasar, aka ce daga nan babu ƙari. Da muka fito Yalla-Yalla bai kalle ni ba, ya ce, "Yalla, koma aiki."

Sauran ƙasashen Maina bai ga nasu ba, yana kwance. Ni ma ban gani ba, mu ma'aikata a ƙarƙashin rumfar ƙarfe ake tsugunar da mu, sai ƙara da hayaƙi da toka a wuya. Amma ranar kogi Yalla-Yalla ya ce in sauka in zauna da shi a bakin teku. Badaru ya goyo shi daga ɗaki zuwa mota. Maina ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula, ƙafa kuwa ko silifa ba ta shiga, sai da muka yanke mata maɗauri. Tun la'asar muka samu wuri a gindin wata katanga, mutane maƙil, yara da alewa, ga jirginmu can a kan ruwa. Yana ta gwada wayarsa, yana goge idonta da bakin riga.

Kafin magariba iska ta taso daga teku. Tutoci suka miƙe, laimomi suka fara kifewa, muka ga jirgin yana tangaɗi. Maina ya ce za ta lafa. Ba ta lafa ba. Aka yi magana a lasifika, mutane suka yi guna-guni suka fara naɗe tabarminsu. Na tambayi wani, ya ce an ɗage sai mako mai zuwa.

Maina ya mayar da wayar aljihu, ya zauna yana kallon jirgin har wurin ya watse, masu shara suka zo suna ratsa mu. Can ya ce, "Allah sa sun rufe shuɗin da tamfol. Ba ya son laima." Da safe muka hau jirgin sama.

Da muka dawo gida an gwada wankin ƙodar, an sayar da abin da ya rage, jikin bai karɓa ba. Ya ce a mayar da shi Katuzu. Muna can sai ga saƙo daga Badaru, bidiyo ne, amma sabis ɗin garin ya kasa sauke shi, sai juyawa yake. Na hau babur zuwa Gashua na tsaya kusa da jami'a har ya sauka, na komo da gudu kamar na ɗauko magani.

Na tallafo Maina na riƙe masa wayar. Badaru gajere ne, rabin hoton ƙeyar mutane ce. Hoton na rawa, kiɗan ya zama kwaramniya, sai wani shuɗi-shuɗi da ke leƙowa ta bayan hayaƙi. Maina ya kalla har ƙarshe. Ya ce in maimaita. Sannan ya ture wayar a hankali.

"Sun yi ƙoƙari. Amma wannan ba kogi ba ne. Bukar, kai ni namu."

Muka samu a-kori-kura muka shimfiɗa masa katifa a baya, da ni da uwarki da ke. Bazara ce, ruwan ya janye ƙwarai, saura ɗan siriri a tsakiyar rairayi, shanu na tsallakawa ko gwiwarsu bai kai ba. Babu shinkafa, babu kifin da ke tsalle. Na ji kunya kamar ni na shanye shi. Muka jingina shi da wata bishiya, ya daɗe yana kallo, bai yi ƙorafi ba.

Ke kuma kika zame daga cinyar uwarki. Kika ga ƙafafunsa sun yi manya, kika ɗauka abin wasa ne, kika riƙa ɗibar rairayi da hannu biyu kina zuba musu, kina dannawa, kina ƙarawa. Uwarki ta tashi za ta ɗauke ki, ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙyale ta, sanyi nake ji." Sai da kika rufe su duka kika tafa hannu, shi kuma ya yi dariya har da hawaye. Bai cika mako ba bayan nan, Allah Ya jiƙansa.

Kullum kina ce mini ba ki tuna fuskarsa. To, ni na tuna yadda ya kalle ki ranar. Tunda kika fara zuba rairayin nan bai sake duban kogin ba.