Tambaya ta Bakwai a Fom

A ɗakin jiran likitan haihuwa, inda kowa ke nuna kamar rakiya ya yo, wani tela mai tef a wuya ya ari biro wurin wata malamar makaranta zai cike fom.

"Shekara nawa kuna nema, ɗan'uwa?" in ji ta.

"Tara."

"Ga yara can gidan marayu babu mai ɗauka. Ka yi haƙuri, amma a ce lallai sai jininka, ai son kai ne. Ni 'yata ɗauko ta na yi."

"Allah Ya saka miki, Malama. Ni ma daga can aka ɗauko ni."

Ya miƙo mata fom ɗin.

"Dubi tambaya ta bakwai: wace cuta ake gado a danginku? Duk asibitin da na je, nan nake tsallakewa. Waɗanda suka rene ni ba su rage ni da komai ba. Amma shekarata arba'in ban taɓa ganin mai irin kunnuwana ba. Mutum ɗaya nake so, ko da mummuna ne."

"Kana ganin 'yata ma haka take ji?"

"Kin taɓa tambayarta?"

"Ba ta ma san ɗauko ta na yi ba. Tana ciki da mijinta, ni na rako ta. Ni na cike mata fom. A ta bakwai na rubuta ciwon sukarin gidanmu."

Tela ya rufe biron, ya miƙa mata.

"Karɓi, Malama. Naki fom ɗin ne ke da gyara."