Tantabarun Yohanna

Ana jibi Kirsimeti, Dogara na zaune a tashar Kawo da kwandon tantabaru tsakanin ƙafafunsa, yana jiran motar Kafanchan ta cika. Wani Bakatsine mai tallan goro ya tsuguna yana leƙen kwandon.

"Maigida, na sayarwa ne? Ni ma ina kiwonsu."

"A ina kake zaune?"

"Kurmin Mashi, nan cikin gari."

"To, ba da kai ba. Kafin ka sha ruwa sun koma gidanmu. Sau biyu ina bayar da su, suna dawowa."

"Tsuntsun da ya san gida ai shi ake nema! Me suka yi maka?"

Dogara ya so ya yi shiru, amma bakinsa ya riga shi.

"Na ƙanena ne, Yohanna. Tirela ta taka shi a Mando da damina. Da fiton waƙar Kirsimeti yake kiransu. Ga coci a bayan gidanmu, yanzu kullum da yamma mawaƙan cocin na gwajin waƙar, su kuma sai su sauko bakin ƙofarsa su jeru. Ƙauye zan kai su a yanka. Matarsa ba za ta iya da wannan ba."

"Allah ya ji ƙansa. Ita ta ce ka kwashe su?"

"Ita? Har yau da safe sai da ta zuba musu dawa."

"Ashe ba ta sani ba."

"Malam, ka tafi da goronka."

Mai goro ya miƙe, ya ɗora faifansa a ka.

"Zan tafi. Amma da yamma za a yi waƙar nan, ita kaɗai za ta fito ƙofa."