Dona Graciete, Wadda Ta Buɗe Ƙofar Fraga Alta

Jawabin Amândio Carvalhais, mai haɗa gangunan katako, a taron kwana talatin da rasuwar Dona Graciete Valadares, a zauren ƙungiyar manoman inabi ta ƙauyen Fraga Alta.

Mai girma Fada Anselmo, wanda ya jagorance mu a addu'a da safiyar nan. Mai girma shugabar ƙaramar hukumarmu, Dona Filomena Sarmento. Shugaban ƙungiyarmu, Senhor Custódio, da dattawan da ke zaune tare da shi. Benedita da Fausto, 'ya'yan marigayiya, da jikokinta. Baƙinmu da suka taso daga Porto da Faransa da garuruwan da bakina ba ya iya faɗin sunansu. Jama'ar Fraga Alta, maza da mata: ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ranar da Benedita ta zo shagona ta ce ni iyali suka zaɓa in yi magana, sai na ajiye guduma na ce, "'Yata, kin manta shekara nawa muka yi da mahaifiyarki ko gaisuwa ba ta haɗa mu?" Ta ce, "Shi ya sa, Kawu Amândio. Ita ta ce a nemo wanda ba zai yi ƙarya don ya faranta mana rai ba." To, zan yi iyakar ƙoƙarina.

Graciete ta kasance mace mai tsayawa a kan abin da ta sa gaba. Tana da shekara talatin da ɗaya mijinta Horácio ya rasu, ya bar mata yara biyu da gonar inabi a gefen tudun da ke kallon kogin Douro, wadda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya hau. Duk garin nan muka ba ta shawara guda: ta sayar, ta bi sauran mutane Faransa. Har mai saye aka kawo mata, wani da ke son ya rushe katangun dutsen da suka riƙe ƙasar hawa-hawa, ya tumɓuke tsofaffin kurangun inabin, ya shigar da tarakta. Ta dafa musu kofi, ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "Kakan Horácio a bayansa ya hau da duwatsun nan. Ku sha kofinku kafin ya huce." Washegari muka gan ta a kan tudu da almakashi tana koyon datse rassa, aikin da a lokacin maza kaɗai ke yi.

Ta kasance tana gani da ido abin da mu muke kau da kai a kansa. Mun ga samarinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mun ga an rufe makaranta da yara huɗu suka rage a cikinta. Mun ga lokacin tsinkar inabi ya zo, babu hannayen da za su tsinka. Muka zauna a shagon shayin Tomé muna cewa zamani ne. Ita kuwa, wata rana a watan Satumba, wasu mata biyu 'yan Holand suka sauka daga jirgin ƙasa a Pinhão, suka taho a ƙafa, suka ɓata hanya har ƙofarta, rana ta gasa su. Ta ba su ruwa, ta zuba musu miyar kabeji da burodin masara. Da suka ƙoshi ta miƙa wa kowacce almakashi da kwando, don a gidanta ba a zama a watan Satumba. Kwana biyar suka yi. Da shekara ta zagayo suka dawo su takwas.

A cikin zauren nan ta kawo maganar. Ta ce a gyara gidajen da masu su suka tafi, a riƙa saukar baƙi, su ci abin da muke ci, su ga yadda muke yin giyarmu tun daga kuranga har ganga. Ni ne na miƙe, daga kujerar can da Custódio ke kai. Na ce, "Mu ba namun dawa ba ne da za a riƙa zuwa kallonmu da na'urar hoto." Ta juyo ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce, "Kwantar da hankalinka, Amândio. Babu wanda zai taso daga Holand don ya kalle ka." Kun yi dariya a ranar, kuma ga shi yau kun sake. Ni ban yi ba. Shekara shida in na hango ta a hanya, sai in tuna ina da abin yi a ɗaya gefen titi.

Sai shekarar ruwan Satumba ta zo. Manyanmu sun tuna ta. Na faɗo daga tsani a watan Agusta, ƙafata ta karye, aka ɗaure ta tun daga cinya. Matata Idalina ba ta da ƙarfin hawa tudu, 'yarmu Sílvia kuma tana Lyon tana aiki a asibiti. Inabina ya nuna ya yi baƙi, rediyo na cewa nan da kwana biyu ruwa zai sauko, kuma zai kai mako bai ɗauke ba. Kowa a nan ya san abin da ruwa ke yi wa nunannen inabi: ya fashe, ya ruɓe a jikin reshe. Kowa kuma yana fama da tasa gonar, ban ga laifin kowa ba. Ina kwance ina kallon aikin shekara guda ta taga, na riga na sallama.

Da hantsi na ji hayaniya a bayan gida, da harsunan da ban sani ba. Na ja jiki zuwa ƙofa. Ga Graciete da ɗankwalinta baƙi, bayanta baƙi goma sha tara, kowa da kwando. Na ce, "Wa ya kira ki?" Ta ce, "Ba wurinka na zo ba, wurin inabin na zo. Shi bai yi mini laifi ba. Koma ka kwanta, ka tare mana hanya."

Kwana biyu suka yi a gonata. Malaman makaranta da suka yi ritaya, da wani likitan haƙori ɗan Beljiyam mai tumbi, da wasu ango da amarya daga Brazil. Sun yanke yatsunsu, sun zame a kan dutse, amma kafin ɗigon farko ya sauka inabina yana cikin gida. Abin da ban sani ba sai daga baya: tata gonar ta ƙasa ba ta gama tsinka ba. Kashi ɗaya cikin uku na amfaninta ya ruɓe a shekarar. Ba ta taɓa faɗa mini ba. Daga bakin Benedita na ji.

Da la'asar ɗin rana ta biyu suka wanke kwamin dutsen mahaifina, wanda ya shekara goma sha biyar ba a tattaka inabi a cikinsa ba. Suka naɗe wanduna, suka shiga, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, Graciete na tsaye a baki tana ƙirga musu taku, hagu, dama, kamar sajan. Aka ɗauko ni a kujera aka ajiye a ƙofa. Har Idalina ta rasu, cewa take kuka na yi a ranar. Ni har yanzu ina cewa ƙarfin inabin ne ya shiga idona.

Da na fara takawa da sanda, gidanta na fara zuwa. Na shirya maganar ban haƙuri tun daga hanya. Ina buɗe baki ta ce, "Ka zo da gudumarka? Gangata ta uku tana yoyo." Na koma na ɗauko. Shi ke nan sulhunmu, kuma ya kai mu shekara ashirin da biyu.

Ta kasance ba ta yaudarar baƙo. Da wani ya kawo shawarar mu riƙa sa tufafin kakanninmu in motar baƙi ta iso, ta ce ita da rigar aikinta za su same ta. Shekarar da giya ba ta yi kyau ba, da bakinta take gaya musu. Baƙon da ba ya sha, saboda addininsa ko lafiyarsa, ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. Ruwan inabi sabon matsa, wanda bai zama giya ba, take zuba masa, ta zaunar da shi kusa da ita.

Ta kasance mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar nan, kuma a zamaninta muka sake ɗaga katangun da suka zube daga nan har bakin rafi. Tsofaffin irin inabin da ke gonarta, wasu ko malaman gona ba su san sunansu ba, duk wanda ya nemi reshe ta yanka masa. Yau makarantarmu a buɗe take da yara goma sha bakwai. Biyu daga cikinsu jikokina ne, don Sílvia ta dawo, ita ke zagayawa da baƙi, kuma in sun iso shagona, ni Amândio, nakan tsaya a ɗauke ni hoto.

Benedita, ke kika zauna da ita, kika sha faɗanta safe da yamma. Ki sani a bayan idonki ba ta da hira sai taki. Takan ce hancinki ya fi nata sanin giya, amma kada a gaya miki. Na riƙe amanar har yau.

Fausto, na ga yadda kake sunkuyar da kai tun da ka iso daga Luxembourg. Ka ɗago. Na taɓa tambayarta ko tana jin haushin tafiyarka. Ta ce, "Na haife shi don ya rayu ne, ba don ya tsare mini tudu ba." Ba ta riƙe ka da komai ba, kai ma kada ka riƙe kanka.

Kakar bara, tana da shekara tamanin da shida, ƙafa ta ƙi, amma ta sa aka kai ta bakin kwami. Ta tsoma yatsa ta lasa, ta ce wa masu tattakawa, "Saura awa biyu, kada wanda ya fito." Benedita ta auna da na'urarta, awa biyun ne. A watan Janairu, bayan ta ci abincin rana, ta zauna kusa da murhu ta ce za ta ɗan rufe ido. Haka Ubangiji ya ɗauke ta, cikin sauƙi, a gidanta, da cikinta a ƙoshe. Ba mu da abin ƙorafi.

Saura magana ɗaya. Muna tsakiyar Fabrairu, kuma saboda zaman makoki gonarta ta sama har yau ba a datse ta ba. Kun san abin da za ta ce da ta gani. Gobe da ƙarfe takwas Benedita za ta buɗe ƙofa. Mai almakashi ya zo da shi, wanda ba shi da shi za mu ara masa. Baƙinmu, har da ku.

A madadin iyali, mun gode wa Fada, mun gode wa hukuma, mun gode wa matan da suka yi girki, da duk wanda ya tako daga kusa ko nesa.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Graciete. Ka gafarta mata kurakuranta, ka ba ta hutawa cikin haskenka, ka haɗa ta da Horácio. Ka ƙarfafa zuciyar 'ya'yanta da jikokinta. Ka ba mu ruwa a lokacinsa da rana a lokacinta, ka mai da baƙinmu gidajensu lafiya. Amin.